Fiffiken Motar Oga Alexander

Ranar Litinin da sassafe Oga Alexander ya buɗe rumfarsa da ke bayan garejin Kakuri, ya tarar an yi wa motarsa aika-aika. Fiffiken gaba babu shi, sai ƙusoshin da ke riƙe da shi a tsaye. Hannun ƙarfen da ke riƙe da tayar hagu ya lanƙwashe, tayar ta karkato tana hararar 'yar'uwarta. Kwaɗon ƙofa kuwa lafiyarsa ƙalau, da makulli aka buɗe shi, aka kuma mayar aka rufe.

Wanda bai san motar ba zai ce me ya haɗa mota da fiffike. Mu ma haka muka ce da farko. Tun da masaƙa ta sallame shi, Oga Alexander ya koma walda, ya kuma ɗauki jarabar zuwa gidan kallo duk ranar da ake nuna tseren motocin Turawa, irin masu kujera ɗaya da tayoyi a waje. Wata rana ya dawo ya ce zai ƙera tasa. Ya samo injin babban babur, ya kwantar da shokozoban acaɓa a cikin jikinta, ya sa mata fiffike gaba da baya, ya kuma sauke ta ƙasa har cikinta ya kusa shafar turɓaya. Muka raɗa mata suna Ƙadangare, muka yi ta dariya har muka gaji. Da muka ji ranar bikin dimokuraɗiyya za a fito da ita filin makarantar firamare, kuma 'yarsa Rhoda ce za ta tuƙa, sai muka fara cewa motarmu.

Kafin rana ta yi zafi garejin ya cika. Kowa ya zo da ɓarawonsa a baki, amma ba a daɗe ba duk bakunan suka haɗu a kan mutum ɗaya. Ranar Asabar da yamma motar lafiya lau take. Oga Alexander ba ya taɓa sifana ranar Lahadi. Kuma duk wanda ya san Kakuri ya san ranar Lahadi da safe unguwar kan kwashe gaba ɗaya ta shige coci, ko akuya sai ta yi ta neman wanda zai kore ta. To, wa ba ya zuwa coci, kuma yana riƙe da makulli na biyu?

Malam Auwal ke nan, mai bugun jikin mota, mutumin Makera, siriri kamar tsinken tsintsiya. Shi ya buga fiffiken da gudumarsa daga wani falle na alminiyom. Abin da ya ƙara ɗaure shi, ranar Asabar ɗin sun yi cacar baki da Oga Alexander a kan yadda za a karkata fiffiken, har kowa ya ji Auwal yana cewa da hannunsa ya buga, da hannunsa zai cire in aka ci gaba da yi masa gardama.

Ciyaman ɗin garejin, Oga Sylvanus, mutum ne mai tumbi da son yanke hukunci kafin shayinsa ya huce. Ya hau kan wata tsohuwar taya ya ce in la'asar ta yi ba a ga fiffike ba, Auwal ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya bar garejin, kada kuma a sake ganin ƙafarsa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Bayan rikicin da ya raba garin nan, duk Musulmin garejin sun kwashe sun koma wasu unguwanni, Auwal kaɗai ya ci gaba da zuwa. A ranar da abin ya yi muni, ƙarƙashin gadon Oga Alexander ya kwana, matar gidan, Maman Rhoda, tana zaune a bakin ƙofa da taɓarya a hannu.

Saboda haka Auwal bai kalli ciyaman ba, abokinsa ya kalla. Oga Alexander ya sunkuyar da kai yana murza ƙusar fiffike da yatsa. Da ciyaman ya ce a karɓe makullin, shi ya miƙa hannu ya karɓa, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi yi wa Auwal ciwo a kan duk abin da aka faɗa, kuma mu da muke tsaye mun ji kunya.

Rhoda ce ta zame daga taron ta tafi neman Baba Mamman.

*

Neman Baba Mamman ba ya wuya. Da can mai bin sawun shanun sata ne a dajin yamma, daga baya ya yi gadi a masaƙa, yanzu kuma sawun awaki yake bi, wani lokaci da na mazan da suka ce sun tafi aikin dare. Kowace safiya yana kan bencin Lydia mai ƙosai, yana shan koko yana zubar da hawaye, domin murhun Lydia a bakin lungu yake, iska kuma ba ta da aiki sai kwaso hayaƙi ta zuba a idon masu saye. Shekara da shekaru yana tsine wa wannan hayaƙi, bai taɓa canja benci ba.

Rhoda ta same shi cikin fara'a. Ya gaya mata da alama maganin idon da wani Bafulatani ya ba shi ya fara aiki, don yau ya shanye kokonsa tas ba tare da ya share ido ba. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, sannan ta zayyana masa abin da ya faru. Lydia, wadda bakinta ba ya hutawa in ana labarin unguwa, yau ta duƙufa kan kaskonta tana juya ƙosan da ya riga ya soyu.

"Auwal dai da na sani?" in ji Baba. "Wanda ya bi ni har gida da canjin da na manta?"

Rhoda ta ce shi. Baba ya ɗauki sandarsa ya miƙe.

*

Da ya iso rumfar ya fara da zagin jama'a, don sun tattake ƙofar kamar an yi rawa a wurin. Ya ce in da ɓarawon ya bar katin gayyata ma da sun taka shi. Ya kori kowa baya, ya zagaya Ƙadangare a hankali. A bakin ramin da direba ke zama ya tsaya, ya ga kiyashi sun yi layi suna hawa suna sauka. Ya tambayi Oga Alexander ko yana cin abinci a cikin motar. Ya ce Allah ya kiyaye. Baba ya shafa wurin da yatsa, ya sunsuna, ya goge a rigarsa.

A lungun bayan rumfa ne aikin ya fito. An yi ruwa ranar Asabar, ƙasa ta yi laushi, ta riƙe komai. Ga sawun tayoyi ya fita ya nufi gangaren da ke sauka wajen layin dogo, ga shi kuma ya dawo. Amma a na fitar akwai wani dogon shati a tsakiya, kamar an ja faranti a ƙasa, na dawowar kuwa babu.

Ya kira Rhoda ya nuna mata. Ta durƙusa ta duba, ta ce katakon cikin motar ne. Ta yi masa bayani cewa irin wannan mota so ake ta yi ƙasa sosai don kada iska ta shiga ƙarƙashinta da yawa ta ɗaga ta, shi ya sa aka manna katako a cikinta ya kare ta. Shokozoban kuma babanta ya ɗaure su ne daidai nauyinta. In ita ta zauna, hannu na iya wucewa tsakanin katakon da ƙasa. In wanda ya fi ta nauyi sosai ne, sifirin ɗin shokozoban zai nutse, katako ya kwanta.

Baba ya ce a kawo Auwal. Aka zura shi cikin motar, ya shige kamar an sa cokali a kofi. Ƙadangare ko gezau ba ta yi ba. Baba ya tura sandarsa ƙarƙashin katakon, ta wuce ta fito ɗaya ɓangaren. Wasu suka fara kallon juna, amma ciyaman ya ce wannan bai nuna komai ba sai cewa Auwal yana da abokin sata mai ƙiba, shi ya tura, wancan ya zauna. Oga Alexander dai har yanzu ƙusarsa yake murzawa.

*

Ciyaman ya dage a fara da 'yan gwangwan, don a cewarsa duk ƙarfen da ya ɓata a Kakuri can yake kwana. Baba bai yi musu ba. Aka ɗunguma zuwa bakin layin dogo, inda wani dillalin tsofaffin ƙarafa ke zaune a tsakiyar dukiyarsa. Mutumin ya rantse bai ga fiffike ba, ya ce shi ko na kaza ba ya saye. Da ya fahimci motar da ake magana, sai ya nemi a sayar masa da ita gaba ɗaya a kan sikeli, har Oga Alexander ya yunƙura aka riƙe shi.

An birkice tarin ƙarafan, ba a ga fiffike ba. Abin da aka gani shi ne tsohon allon ƙungiyar makanikai, wanda ciyaman ya sanar da mu bara cewa guguwa ta tafi da shi. Dillalin ya buɗe baki zai faɗi sunan guguwar, ciyaman ya ce lokaci na ƙurewa, a koma kan abin da ya kawo mu.

A hanyar dawowa Baba ya riƙa auna tumbin ciyaman da ido, daga sama zuwa ƙasa, har mutumin ya tsargu. Baba ya tambaye shi a ina ya yi safiyar Lahadi. Ciyaman ya kumbura ya ce a coci, a layin gaba. Nan take shaidu suka yi masa yawa. Wata mata ta ce ba shakka yana nan, don tun karatun farko ya fara minshari, bai tsaya ba sai da aka zo karɓar kuɗin baiko. Wani ya ce fasto ma sai da ya ɗaga murya don na baya su ji wa'azi. Ba mu taɓa ganin mutumin da aka wanke yana jin haushin wankin ba sai ranar.

*

Daga nan Baba ya ce kowa ya koma aikinsa, shi kaɗai zai bi gangaren. Ya tafi yana dogara sanda, kansa a ƙasa. A gefen sawun fita, mutum ɗaya ne ya tura, mai silifas da gajeren taku. Da gangaren ya fara, takun ya buɗe ya zama gudu. Can gaba kaɗan ga shatin gwiwoyi da tafin hannu a laka, inda mai turawar ya kife, motar ta ci gaba ba tare da shi ba.

A ƙasan gangaren akwai tudun siminti da mutanen layin suka gina da kansu don 'yan acaɓa su rage gudu. Irin tudun nan namu ne, wanda ba injiniyan da ya auna, kowa ya kawo abin da ya rage masa na gini aka tula. Ko babbar mota sai ta yi sallama kafin ta haye shi. Nan Ƙadangare ta kai masa karo da hanci. Ga jan fenti a jikin simintin, ga wani wuri a gefe da ƙasa ta tumurmushe kamar an yi kokawa, da wani ɗan tabo mai maiƙo da kiyashi suka kewaye. Sawun dawowa kuwa na mutum biyu ne suna turawa, ɗaya mai silifas ɗin nan, ɗaya ba takalmi, dugadugansa sun nutse sosai, yana kuma jan ƙafar dama.

Baba ya daɗe a tsugune. Ɓarawon da ya saci mota ya yi wasa da ita ya dawo da ita, ya kuma rufe ƙofa da makulli, bai taɓa gamuwa da irinsa ba a dajin yamma. Ya tuna cewa makulli biyu ne, kowa kuma na Auwal kawai yake ta magana. Na Oga Alexander ranar Lahadi a aljihun wandon aiki yake kwana, wandon kuma a rataye a bayan ƙofar ɗaki.

*

Maman Rhoda, wadda sunanta na yanka Scholastica, mace ce da Allah ya yi wa jiki, ya kuma yi mata murya daidai jikin. Ita ce shugabar zumuntar matan coci, kuma tun ranar da aka fara ƙera Ƙadangare ba ta kira ta da wani suna ba sai haukan Baban Rhoda. Baba ya same ta kwance a tabarma a kan gefe ɗaya, ɗakin na ƙamshin man zafi.

Ta ce zazzaɓi ne ya kayar da ita tun Lahadi, ko coci ba ta je ba, Allah ya sa Lydia ta zauna ta yi jinyarta. Baba ya jajanta, ya ce zazzaɓin bana mugu ne, har a ƙugu yake kama mutum. Ta ce ƙwarai. Ya kawo maganar motar, ta ja tsaki ta ce da ma an sace ta gaba ɗaya kowa ya huta, abin da ko burkin kirki ba shi da shi. Ya ce ashe ta san burkin. Ta ce a bakin Rhoda ta ji, ta juya fuska bango.

Da zai fita ya ambaci cewa Auwal ake zargi. Ta ce wannan surutun gareji ne, Baban Rhoda yana wurin, ba zai bari ko ƙuda ya sauka a kan Auwal ba. Baba bai gaya mata wanda ya karɓi makullin da hannunsa ba. Ya ga ƙafarta ta dama a naɗe da tsumma, ya yi mata fatan sauƙi ya tafi.

Zuciyarsa ta riga ta gaya masa, amma zato ba ya hana a kori mutum. In ya tsaya gaban ciyaman ya ce shugabar zumunta ce ta saci motar tsere, shi za a kai asibitin mahaukata. Fiffiken yake bukata, kuma sawu bai nuna inda ya shiga ba.

*

Ya koma rumfa bayan azahar, ya tarar da Rhoda ita kaɗai tana kallon tayar da ta karkace. Daga nesa ana hango Auwal yana jera gudumominsa cikin akwati, yana goge kowace kafin ya sa. Baba ya zauna a kan jarka ya tambaye ta abin da ya daɗe yana damunsa: me ƙadangare zai yi da fiffike, tunda ba tashi zai yi ba?

Rhoda ta ce ai don kada ya tashi ne. Fiffiken jirgi iska yake turawa ƙasa don jirgin ya hau sama, wannan kuwa a kife yake, sama yake watsa iska, ita kuma ta danne motar a kan hanya don tayoyi su kama ƙasa a kwana. Baba ya ce shi dai bai taɓa ganin iska da idonsa ba, balle ya san inda aka watsa ta. Sai ta kunna wani tsumma ta kashe wutar ya rage hayaƙi, ta riƙe shi gaban fiffiken baya, ta kunna fankar da babanta ke gwaji da ita. Hayaƙin ya taho a miƙe, ya sami fiffiken, ya bi lanƙwasarsa ya haye sama, ya wuce ta kan hular Baba.

Baba ya ɗaga kai yana kallonsa. Ya kai hannu ya taɓa idonsa, ya ji shi a bushe.

"Kai, Bafulatanin nan ya cuce ni," in ji shi. "Ashe ba maganinsa ba ne."

Ya ce wa Rhoda ta je ta gaya wa ciyaman cewa hukuncin la'asar a wurin Lydia za a yanke shi. Sannan ta biya gida ta gaya wa mamanta, ba tare da ta rage komai ba, cewa yau za a kori Auwal, kuma babanta ne ya karɓe makullin.

*

La'asar na yi Lydia ta hura wutar yamma, ta ɗora doya. Da ta ga garejin gaba ɗaya ya nufo ta, sai matsamin suya ya kusa suɓuce mata. Baba ya jera mutane a kan benci: ciyaman, Oga Alexander, dillalin gwangwan da ya biyo don kallo, da Auwal a can ƙarshe, akwatinsa a kan cinya. Sauranmu muka tsaya a baya. Iskar lungu na kaɗawa kamar kullum.

Baba ya sayi doya ya zauna yana ci. Da ciyaman ya gaji ya ce ba cin doya ya kawo su ba, Baba ya tambaye shi tun yaushe yake zama a bencin nan. Ya ce tun yana yaron gareji. Ya tambaye shi ko ya taɓa tashi daga nan da busasshen ido. Ciyaman ya shafa idonsa. Muka duba, kowa idonsa garau. Hayaƙin murhun na tasowa ya nufo benci, sai ya sami wani baƙin abu da aka jingina da duwatsu, ya bi bayansa ya haye sama ya wuce kan rufin kwano.

Baba ya sa sanda ya ture buhun da aka yafa a gefen abin, ya kankare toka da baƙin tukunyar da aka shafa masa. Jan fenti ya bayyana.

Lydia ta ce tsintarsa ta yi. Da ta ga ba wanda ya yarda, ta ce an ba ta ne ta jefa a kogi, amma ita ba a haife ta a gidan da ake jefa ƙarfe mai kyau a ruwa ba. Ta ce ta gwada shi ne kawai don ya kare mata wuta, ta ga ya yi aikin da kwano bai taɓa yi ba. Ciyaman ya miƙe ya ce shi tun farko ya san mace ce, a kama ta. Baba ya ce masa ya zauna. Ya ce Lydia turawa kawai ta yi, ga gwiwarta nan da ƙujewa. Wanda ya zauna a ciki ya kwantar da katako, ya kuma maƙale har sai da aka sa man ƙosai aka zaro shi, man da kiyashi ke ci har yanzu, shi ne bai iso ba tukuna.

"Na iso."

Maman Rhoda ce, tana ɗingishi, hannunta a kafaɗar 'yarta, zanen zumunta a ɗaure a ƙugu. Kowa ya juyo. Ta ce ita ce. Ita ta zare makulli daga wandon mijinta, ita ta sa Lydia ta tura, ita ta karya. Ciyaman ya tambaye ta cikin ladabi, don kowa na tsoronta, me ya kai babbar mace kamarta cikin Ƙadangare.

"'Yata za ku saka a ciki," in ji ta. "Tun da na haife ta ban taɓa ba ta abinci ban ɗanɗana ba. Sai na bari ku ɗora ta a kan abin da ban san ɗanɗanonsa ba?"

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake dariyar na nan a maƙoshinmu tana jira. Ta ce kunya ce ta sa ta yi shiru, don ba ta san da bakin da za ta gaya wa matan zumunta cewa sai da man gyaɗa aka cire ta daga mota ba. Ta kwanta ne da tabbacin cewa ko duniya za ta taru a kan Auwal, akwai mutum ɗaya da zai tsaya masa. Nan ta juya kan mijinta.

"Laifina na ɗauka, Baban Rhoda. Amma ni da taɓarya na tsare ƙofa saboda mutumin nan. Kai baki kawai aka ce ka buɗe."

Oga Alexander ya miƙe. Ya laluba aljihu ya fito da makullin, ya miƙa wa Auwal, yana ta haɗa kalmomi suna wargajewa. Auwal bai karɓa ba. Ya ajiye akwatinsa a kan benci, ya zagaya wajen murhu ya tsuguna yana duba fiffiken, yana bin lanƙwasar da yatsa. Ya tambayi Maman Rhoda yadda motar ta yi kafin tudun.

Ta saci kallon matan zumunta biyu da ke cikin taron. Sannan ta ce tsakaninta da Allah, tun da aka haife ta ba ta taɓa jin daɗi irin na gangaren nan ba, har ta ji kanta tana guɗa. Amma burkin banza ne, kuma Rhoda ba za ta shiga ba sai an gyara shi ta sake ɗanɗanawa. Nan dariyar ta ƙwace mana, har ciyaman ya riƙe tumbi.

Auwal ya naɗe hannunsa da tsumma ya ɗaga fiffiken daga kan duwatsun. Nan da nan iska ta koma aikinta, hayaƙi ya kwanto kan benci, kowa ya hau tari da share ido. Baba Mamman ya tsine wa murhun kamar yadda ya saba, Lydia na roƙon a bar mata shi ko zuwa gobe. Oga Alexander ma hawaye yake yi, amma mu da ke kusa mun ga nasa sun riga hayaƙin zuwa, kunya ce da nadama suka kawo su.

Auwal ya tsaya gabansa da fiffiken a hannu, ya dube shi na ɗan lokaci. Ya zare makullin daga hannunsa ya jefa a aljihu.

"Kama wancan gefen, Alex, da zafi," in ji shi. "Kuma yadda na ce za a karkata shi, haka za a yi."